.308 ko 6.5 Creedmoor: Wanne Ya Dace da Bindigar Farauta da Za a Koyi Harbin Nesa da Ita?

Wanda yake zaune a ƙasar da doka ta yarda a mallaki bindigar farauta, kamar Amurka ko Kanada ko Afirka ta Kudu ko Ingila, kuma aljihunsa na bindiga ɗaya ne tak, da ya tsaya gaban kanta tambayar farko da za a yi masa ita ce: wane harsashi? Shi dai burinsa ya fita farauta idan lokacinta ya zo, sauran watanni kuma ya riƙa zuwa filin harbi yana gwada hannunsa a kan farantin ƙarfe da aka kafa a mita 600 ko 800, wata rana ma yadi 1,000. Amsa biyu ce ta fi yawo a bakin masu shago a yau, .308 Winchester da 6.5 Creedmoor. Tikka ne ko Ruger ko Savage ko Howa ko Bergara, kusan kowane kamfani yana fitar da samfurin bindiga ɗaya a kan harsasan biyu, farashi ɗaya, nauyi ma kusan ɗaya. Saboda haka gardamar duk a kan abin da bindigar za ta ci ne.

.308 tsohon hannu ne. Winchester ta fito da shi kasuwa a 1952, bayan shekara biyu ƙungiyar NATO ta ɗauki ɗan'uwansa na jini, 7.62×51, ya zama harsashin sojojinta. Wannan alaƙa ce ta baza shi ko'ina, har ya zama da wuya ka shiga shagon bindiga a wata ƙasa ka rasa shi. 6.5 Creedmoor kuwa ɗan bana-bakwai ne. Dave Emary na kamfanin Hornady da gwanin gasar harbi Dennis DeMille suka tsara shi a 2007, kuma tun daga takarda don gasar nesa aka yi shi, farauta daga baya ta biyo. Sunan ya samo tushe daga tsohon filin harbi na Creedmoor da ke Long Island a jihar New York, inda Amurkawa suka kara da 'yan Ireland a 1874 a kan yadi 800, 900 da 1,000. Ya yi 'yan shekaru ba a cika waiwayarsa ba, sai da gasar harbin nesa ta PRS ta kankama a 2012, sannan Ruger ta fitar da bindigar gasa mai sauƙin kuɗi a 2015, daga nan kasuwarsa ta buɗe.

Idan ka jera su a tafin hannu, kwansonsu bai bambanta sosai ba: na .308 milimita 51 ne tsawonsa, na Creedmoor bai cika 49 ba. Bambancin yana kan harsashin, wato dalmar da ke fita. Kan .308 faɗinsa milimita 7.8, gajere ne kakkaura. Na 6.5 milimita 6.7 ne, siriri kuma dogo kamar kibiya, shi ya sa yake keta iska ba tare da ya yi saurin gajiya ba. A jikin kwali za ka ga lambar da ake kira BC, ita ce ma'aunin wannan iya keta iskar, kuma duk yadda ta ƙaru haka harsashin yake riƙe gudunsa. Kan Hornady mai nauyin giren 140, wajen giram 9 ke nan, lambarsa ta haura 0.6. Kan Sierra MatchKing mai giren 175, wanda masu .308 suka fi yarda da shi a nesa, tasa 0.5 ce da 'yan kai. Na farko yakan bar bakin bindiga da gudun mita 826 a sakan, na biyu wajen mita 790.

To me wannan yake haifarwa a fili? Idan ka daidaita saitinka a yadi 100, kafin harsashin Creedmoor ya kai yadi 1,000, wato mita 914, ya sauka kusan mita 8. Na .308 ya sauka fiye da mita 10. Masu talla suna son wannan lissafi, amma ni ban ɗauke shi a bakin komai ba. Saukar harsashi abu ne da aka sani kafin a ja kunama. Ka auna nisa da na'ura, ka duba jadawalinka na saukar harsashi, ka murɗa madubin saiti zuwa lambar da ya ce, shi ke nan. Ko mita 8 ne ko 10, nauyin ƙasa ba ya canza ra'ayi tsakanin harbi da harbi. Abin da za ka kiyaye kawai shi ne wurin da kake: a Johannesburg, da ke sama da teku da wajen mita 1,750, iska ba ta da kauri, harsashi ba ya sauka kamar yadda zai yi a Cape Town da ke bakin ruwa, don haka jadawalin can ba ya aiki a nan.

Iska ce ke raba gardama. Ba a auna ta sau ɗaya a huta. Tana iya kaɗawa daga hagu a inda kake kwance, a tsakiyar fili ta lafa, kusa da farantin ta juyo daga dama. A ce tana tahowa daga gefe da gudun kilomita 16 a awa. A yadi 1,000 za ta ture harsashin Creedmoor ƙasa da mita biyu kaɗan, na .308 kuwa wajen mita biyu da rabi. Ba wannan ma ba ne abin lura, kuskuren karanta ta ne. Ɗauka ka ce iskar 16 ce, alhali 18 ce. Wannan kuskure na kilomita biyu kacal zai kauce da Creedmoor wajen santimita 22, ya kauce da .308 fiye da santimita 30. Idan faɗin farantinka santimita 50 ne kuma tsakiyarsa ka auna, na farko zai daki gefensa ka ji "ƙwal" bayan ɗan lokaci, na biyu ƙura kawai zai tayar a gefe. Maharbi ɗaya, kuskure ɗaya, sakamako biyu. Wannan shi ne ainihin abin da Creedmoor yake sayar maka: yana yafe maka ƙaramin kuskuren iska.

Amma a dawo da farantin kusa a gani. A yadi 600 bambancin turewar iskar tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya ba. A yadi 300 bai wuce faɗin yatsu uku ba, wanda rawar hannunka ma ta fi shi. Ke nan idan filin da ke kusa da kai iyakarsa mita 300, kuma filaye da yawa iyakarsu ke nan, duk wannan fifiko a takarda zai tsaya.

Akwai kuma wani shinge da harsashi yake cin karo da shi idan ya gaji, wato lokacin da gudunsa ya sauko kusa da gudun sauti, wajen mita 340 a sakan. A nan wasu kawuna sukan fara tangaɗi. Kan .308 mai giren 168, wanda ya yi suna wajen daidaito a mita 300 zuwa 600, an san shi da watsewa tun kafin ya kai yadi 1,000, shi ya sa masu nesa suka koma giren 175. Shi ma ɗin da ƙyar yake tsallake yadi 1,000 da sauran ƙarfinsa. Creedmoor yakan wuce yadi 1,300 bai sauko ƙasa da gudun sauti ba. Mai .308 da ya ga harbinsa ya rikice bayan yadi 800, ya fara duba nauyin da aka rubuta a kwali kafin ya zargi bindigarsa.

Sai shuri. A bindiga mai nauyi ɗaya, dukan da Creedmoor yake yi wa kafaɗa ya gaza na .308 da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Wani zai ce namiji ai ba ya tsoron shurin bindiga. Ba maganar jarumta ba ce. Bindigar farauta irin Tikka T3x Lite kilo uku ce, kuma mara nauyi ta fi shuri. Harbi uku a daji ba komai ba ne, amma harbi sittin a yini ɗaya kana kwance rub da ciki, jiki yakan fara tsammanin dukan kafin ya zo: ido ya ƙifta, kafaɗa ta tura gaba, yatsa ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali. Maharbin ba ya sanin yana yi. Idan abokinsa ya miƙa masa bindigar ba harsashi a ciki bai sani ba, za a ga bakinta ya nutsa ƙasa da ya ja kunama. Wannan ɗabi'a saurin kamawa gare ta, fitar ta kuwa sai an sha wuya.

Kuma akwai riba ta biyu. Idan shuri bai yi yawa ba, madubi ba ya barin farantin, kana iya ganin inda harsashinka ya faɗa da idonka, ka gyara nan take kafin iskar ta sauya. Da .308 mara nauyi, kafin ka dawo da ido kan saiti ƙurar ta kwanta, sai ka dogara da wani ya duba maka. Mai koyo shi kaɗai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana iya ɗaura wa bakin bindiga abin rage shuri, yana kuma aiki, sai dai ƙararsa takan sa maƙwabtanka a layin harbi su harare ka.

Zuwa nan kamar Creedmoor ya cinye gasar. Bai cinye ba.

Bututunsa ba ya daɗewa. Albarushin da ke cikin kwanson biyu kusan ɗaya ne, amma a Creedmoor wutar ta ƙaramin rami take bi, sai ta fi cin maƙogwaron bututun. Abin da masu gasa suka saba gani shi ne daidaiton bututun Creedmoor yana fara lalacewa tsakanin harbi 2,000 da 3,000, na .308 kuwa yakan kai 5,000 ko ya wuce. Mafaraucin da ke ƙona kwali biyu a shekara, wannan ba damuwarsa ba ce, har jikansa zai gāji bututun. Amma mai harba 150 a wata, cikin shekara ɗaya da rabi ya kamata ya fara tanadin kuɗin sabo. Ni dai ina ganin an faɗaɗa wannan tsoro, domin kuɗin harsasai 2,500 ya ninka kuɗin bututu, kuma wanda ya iya sayen waɗancan zai iya sauya wannan. Inda abin yake ciwo shi ne ƙasashen da sauya bututu yake bukatar sabuwar takarda da jira.

Samuwa ma .308 ne a gaba. A Amurka yanzu Creedmoor ya cika kantuna, amma da ka fita daga manyan birane a wasu ƙasashe, .308 ne za ka tarar a ƙaramin shago, daga kamfanoni da yawa, kuma da nau'i mai rahusa na atisaye. Sai dai araha ba ta ado: harsashi mai rahusa irin na soja yana da amfani wajen koyon riƙo da jan kunama a mita 100 ko 200, amma gudunsa ba ya zama ɗaya daga wannan zuwa wancan, kuma a nesa wannan bambanci shi ke sa ɗaya ya bi ta saman faranti ɗaya ya faɗi ƙasa. Da zarar ka koma harsashin gasa na gaske, farashin biyun ya yi kusa da juna.

Wajen farauta kuwa nauyi yana da ranarsa. A bakin bindiga .308 ya fi ƙarfin duka, sai wajen mita 400 Creedmoor yake kamo shi, kuma yawancin farauta ƙasa da wannan nisa ake yin ta. .308 yana ɗaukar kai mai giren 180, yana huda rami mafi faɗi, yana barin jinin da za a bi sawu. Ga dabbobi masu girman barewa da mariya, ko barewar Turai da ta Amurka, duka biyun sun wadatar. Ga masu girman gwanki da kanki, ko gadu mai taurin fata, hankalina ya fi kwanciya da .308. Ba wai 6.5 ba ya iya ba ne, mutanen Suwidin da Norway sun fi shekara ɗari suna kayar da manyan namun dajinsu da 6.5×55, amma yana bukatar a sa shi daidai wurin, ba ya yafe kuskure a jikin babbar dabba yadda yake yafe shi a iska. Ɓauna kam a cire ta a lissafi, ba aikin ko ɗayansu ba ne, ƙasashe da yawa .375 suke farawa da shi. Haka nan .308 ya fi jure gajeren bututu na inci 18 ko 20, mai daɗin ɗauka a cikin sarƙaƙiya, yayin da Creedmoor ya fi sakewa a inci 22 zuwa 24. Gudun da ke rubuce a kwali ma yawanci daga bututun inci 24 aka auna shi.

Masu .308 suna da wata hujja da suke so: wai shi ne malamin iska, tunda ba ya rufa maka asiri. Akwai gaskiya a ciki, kuma akwai gasa da aka keɓe masa, irin rukunin F-TR da .308 da .223 kaɗai ake shiga da su, da gasar Palma da ake yi da kai mai giren 155. Wanda yake sha'awar waɗannan, ko yake zaune kusa da filin harbi na Bisley a Ingila inda wannan al'ada ta yi jijiya, zaɓinsa ya riga ya fito. Amma idan darasin iska kawai ake nema, ƙaramar bindiga .22 a mita 200 tana koyar da shi da kuɗi kaɗan, ba shuri, ba cin bututu.

Wani abu kuma da biyun suka yi tarayya a kai, wanda ya fi zaɓin harsashi tasiri ga mai koyo, shi ne sirancin bututun farauta. An yi shi ne don a ɗauka a yi tafiya, a harba sau ɗaya ko biyu. Harbi huɗu ko biyar a jere, ka taɓa shi za ka janye hannu. Da ya yi zafi ramukan da ke kan takarda sukan fara tafiya, sau da yawa sama, ga kawalwalniya tana tashi daga bututun tana rawa a gaban madubi har farantin ya yi kamar yana iyo. Maganin haƙuri ne: harbi uku, a buɗe bindiga, a jingine ta a inuwa, a rubuta abin da ya faru a littafi, a dawo bayan wasu mintuna. Kuma harbin farko na sanyin bututu shi ne mafi daraja a wurin mafarauci, domin shi zai yi a daji, a rubuta inda yake faɗawa kowane zuwa. Wanda ya san atisayensa zai fi farautarsa yawa, gara ya nemi matsakaiciya irin Tikka CTR ko Bergara B-14 HMR. Ta biyun ta haura kilo huɗu kafin a ɗora madubi, za ka ji ta a kafaɗa idan ana hawan dutse, amma a filin harbi za ka gode mata.

Madubin ma yana da hannu a zaɓin. Tunda .308 ya fi sauka, yana bukatar madubi mai yalwar murɗawa sama, kuma madubin farauta na gargajiya yakan ƙare tun kafin yadi 800. Akan magance wannan da shimfiɗar madubi mai ɗan karkata, wadda ake rubuta wa 20 MOA. Ka kuma tabbata ma'aunin zanen da ke cikin madubi da na maɓallin murɗawa iri ɗaya ne. Idan ma'aunin kusurwa da ake kira mil ne, ba mil na tafiya ba, kowane mil ɗaya santimita 10 ne a mita 100, lissafi mai sauƙi ga wanda ya saba da mita.

Doka kuwa tana iya yanke maka hukunci tun kafin ka kai shago. A Ingila takardar izinin da 'yan sanda suke bayarwa tana ɗauke da girman harsashin da aka yarda maka da adadin da za ka ajiye, don haka sauya ra'ayi daga baya sai da sabuwar nema. A Afirka ta Kudu dokar 2000 ta ƙayyade harsashi 200 ga kowace bindiga, sai wanda ya yi rajista a matsayin cikakken mafarauci ko ɗan wasan harbi.  A Najeriya lamarin ya juya: dokar bindigogi ta 1959 ta jera milimita 7.62 cikin bindigogin soja da ba a riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa, sauran bindigogin farauta sai da lasisin Sufeto Janar, ko adaka ma tana da nata izini. Kuma a ko'ina ne, harbin nesa a filin da aka amince da shi ake yi, mai tudu a bayan faranti, domin harsashin da ya tsallake yana iya tafiyar kilomita huɗu. Abin toshe kunne kuma dole ne.

To wanne za a ɗauka? Sabon shiga, mai fili kusa da ya kai mita 600 ko fiye, wanda farautarsa ba ta wuce matsakaitan dabbobi ba, ya ɗauki 6.5 Creedmoor. Zai fi samun faranti, zai ga kuskurensa da idonsa, kafaɗarsa ba za ta koya masa mugun hali ba. Wanda farauta ce gaba a wurinsa, yana bin manyan dabbobi, yana yawo ƙasashe ko yana zaune nesa da manyan shaguna, atisayensa kuma bai cika wuce mita 500 ba, .308 ne nasa. Wanda kuma ya riga yana da .308 mai kyau a gida, ban ga dalilin sayar da ita ba. Kuɗin canjin ya zuba su a madubi, na'urar auna nisa da kwalayen giren 175 masu lambar zubi ɗaya, wato waɗanda aka ƙera tare.

Ko wanne ka ɗauka, kada ka haɗa nisan faranti da nisan dabba. Harsashi yana ɗaukar kusan sakan ɗaya da rabi kafin ya kai yadi 1,000, taku ɗaya dabba za ta yi a wannan lokaci harbin ƙirji ya koma na ciki. Yawancin kawunan farauta ma ba sa buɗewa yadda ya kamata idan gudunsu ya sauko ƙasa da mita 550 a sakan, kawunan gasa kuwa ba don nama aka ƙera su ba, kuma ba lallai su faɗa wuri ɗaya da na farauta ba, sai an sake daidaita saiti kafin a shiga daji. Gwajin da za ka yi wa kanka mai sauƙi ne: ka kafa faranti mai faɗin santimita 20, girman wurin kisa a ƙirjin barewa, ka bar teburin harbi, ka ɗora bindiga a kan jaka ko sandunan tsayuwa kamar yadda za ka yi a daji, ka harba da bututu mai sanyi. Nisan da kake samunsa sau tara cikin goma a haka, shi ne iyakarka a kan dabba, kuma ga yawancin mutane yana faɗawa ne tsakanin mita 200 da 300.